Aikin Dare a Bunza

Ƙarfe biyu ta gota, wutar sola ta ɗauke,
na kunna fitilar waya na cije ta da haƙori,
don hannuwana biyu na Tasalla ne a daren nan.
Haihuwar fari. Yau kwana uku,
yaro na kuka, ita na kuka,
nono ya yi tauri kamar ɗanyar goruba,
ko riga ta goge shi sai ta runtse ido.

Gindin gado surukarta, Inna Kulu,
ta shimfiɗa tabarma, ta tsare kamar mai gadin rumbu,
kwalbar madarar akuya ƙulle a gefen zane.
"Malama, nonon ga ba shi da kyau.
Tun gida munka gwada:
anka tatsa cikin ludayi, anka jefa tururuwa,
ba ta hito ba. Mi ya rage in gani?"

Ban ƙaryata ta ba.
Shekara goma sha ɗaya sun koya mini,
tsohuwar da ka kunyata da dare
kafin hantsi ta naɗe tabarma ta tafi da mai jego.
Na tsiyaya ragowar shayina a murfin kwalba,
na kamo tururuwa a bakin taga, na saka.
Mu uku muka zuba ido.
Ta yi iyo, ta yi iyo, ta kwanta.
"To Inna, rabin shayin nan yana cikina, kuma ga ni."
Ta toshe baki da zane, kafaɗarta na rawa.
Ta wannan dariyar na shiga.

Ruwan ɗumi, tsumma mai tsabta,
na koya wa yatsun Tasalla tatsa a hankali
har kan ya yi laushi.
Na ce: juyo shi, ciki ya haɗu da ciki,
hancinsa daidai kan nonon,
kar ki tura masa, jira ya wage baki kamar mai hamma.
Inna, zo ki tallafe gwiwar hannunta,
aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ya kama, ya saki.
Ya kama, ya yi fushi.
Sauron fadama na ta kiɗa a kunnena.
A na biyar
ɗakin ya yi tsit.
Sai wani ɗan sauti, ƙut, ƙut,
bai kai ɗigon indararo a tulu ba,
kunnen yaron na motsi da kowane haɗiya.

"Ko ruwa ba a ba shi?"
Ko ruwa, Inna, sai ya cika wata shida.
"Cikin zahin garin ga?"
Ki cika wa uwar moɗa, ruwan ya san hanya.

A nan na ji sanyi a ƙirjina.
Farar rigata ta jiƙe gida biyu.
Hakima tawa, wata huɗu,
tana can bayan kasuwa a hannun ƙanwata,
tana kurɓar abin da na tatsa da magariba a ƙaramin kofi.
Jikina bai san ɗan wa ya yi kuka ba,
amsawa kawai ya yi.

Inna Kulu ta gani. Ba ta ce uffan ba.
Ta yafa mini mayafinta mai ƙanshin hayaƙi,
ta buɗe kwanon kunun da ta damo wa Tasalla,
ta raba shi biyu.
"Sha. Mai ba da mama ba ta kwana da yunwa."

Asuba, manoman shinkafa sun fara wucewa da lauje.
Na buɗe rajista na rubuta:
ya kama nono, uku da minti arba'in.
Layin gajere ne,
babu gurbin tururuwa, babu na kunu.
Madarar akuya kuwa,
kyanwar asibiti na can tana lasar gashin baki.